Shirun da Ya Kusa Kai Amatu Mai'adua

Amatullahi ta ja bakin hijabi ta rufe rabin fuskarta, ta sunkuyar da kai, ta shiga zanen ƙasa da babban yatsan ƙafa.

Ƙirjinta kuwa kamar ana sussukar gero a ciki.

Yau dai ya faɗa...

Zailani na zaune can a bakin tabarma, a zauren gidan mahaifinta Malam Dabo da ke bayan rijiyar Kusugu a Daura. Ya bar ƙofa a buɗe, ya kuma kauce daga hanyarta, wai ko za ta so fita. Sai da ya nemi izinin zama, ya nemi izinin magana, ya nemi izinin yin tambaya, sannan ya yi tambayar: ta yarda ya turo magabatansa?

Duk saurayin da aka yanke wa cibiya tsakanin Zango da Baure ya san fassarar abin da take yi. Budurwa ta rufe fuska, tana zane a ƙasa, ba ta tashi ta shige gida ba, ai magana ta ƙare, saura goro.

Zailani ya jira. Ya ja numfashi ta hanci, ya sake shi ta baki a hankali.

"Amatu, sanyin idona, na ga tambayar ta yi miki nauyi."

Ta ƙara nutsa yatsa a ƙasa.

"Ba dole, wallahi ba dole. Ranar da kika shirya ina nan. In ma ba ki shirya ba har abada, ba zan riƙe ki a zuci ba."

Ya yi mata godiya da ta saurare shi, ya miƙe a hankali don kada ta razana, ya hau babur ya tafi.

Da ta ɗago kai, ramin da ta haƙa ya isa kaza ta yi ƙwai a ciki. Ta cire takalmi ta wurga wa ƙofa. Bai sami Zailani ba, sai ya sami Gwaggo Shatu, yayar mahaifinta, da ke shigowa rungume da zabi biyu da kwanon man shanu, saƙon Audi dillalin shanu na Mai'adua, wanda shi ma ke neman aurenta.

Ba haka Zailani yake da can ba. Malamin asibiti ne a wani ɗakin shan magani a hanyar Sandamu, inda ita Amatu take aikin ungozoma. Da, kafin ka gama sallama ya soka maka allura, kafin ka ce wash ya kira na baya. Muryarsa har bakin titi. Mata na yi wa yara barazana da sunansa in sun ƙi cin tuwo. A hakan ta gan shi ta so shi, don ita zuciya ba ta neman shawara.

Sai aka kira ma'aikatan lafiya da masu ba da shawara a makarantu zuwa taron bita na 'yan makonni a Daura, kan yadda ake kula da mutanen da suka ga tashin hankali. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a haka ake zama a irin wannan taro: maza dama, mata hagu, benci ɗaya fanko a tsakiya kamar iyakar gona. Mai koyarwar, Malama Hasana, 'yar gajeruwar mace mai tabarau, ta buɗe da karin maganar da kowa ya sani: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ta ce da yawa cikin masu zuwa asibiti an sare su ba a gani, mu kuma ma'aikata mu ne tsumman. Don haka a gaya wa mutum abin da za a yi masa kafin a yi, a nemi yardarsa kafin a taɓa shi, a ba shi zaɓi, kada a tare masa ƙofa, kada a matsa masa ya ba da labarin da bai shirya bayarwa ba.

Zailani ya saurara yana hamma, har ranar da aka kai su gwaji wani asibiti. Aka shigo da wani manomi mai furfura a gemu, wanda 'yan bindiga suka riƙe a daji suka sako, igiya ta ci masa wuyan hannu. Zailani ya banko ƙofa yadda ya saba, ya zagayo ta bayansa, ya cafki hannun yana cewa a yi sauri akwai layi. Sai ga dattijo a ƙarƙashin gado, yana roƙon a ƙara wa 'yan'uwansa lokaci za su kawo kuɗin fansa.

Ba wanda ya yi dariya.

Malama Hasana ta buɗe ƙofar, ta zauna a ƙasa daɓas, ta faɗa masa sunanta, ta ce nan Daura ne, asibiti ne, ga ƙofa nan in yana son fita. Ta ajiye masa ruwa ta yi shiru. Can mutumin ya fito da kansa, ya miƙo hannun da kansa.

Ranar Zailani bai ci abinci ba.

To, ka san sabon tuba ya fi liman tsawaita salla. Washegari aka sami wani Zailanin daban. Muryarsa ta koma kamar ta mai lallashin jariri. Masu jinya suka fara neman layinsa, wannan gaskiya ne, har wata mata da ta shekara tana gudun awon ciki tun da ta rasa ɗa a wurin haihuwa ta dawo. Amma abin bai tsaya a asibiti ba. Sai ya gaya wa mai shayi cewa zai zauna kafin ya zauna. Akuyar gidansu ma sai da ya yi mata bayani kafin ya ɗaure ta. Wani yaro da aka kawo rigakafi, ya durƙusa ya tambaye shi a wane hannu yake son allurar, yaron ya yi tunani ya ce a na babansa.

Wannan ne mutumin da Amatu ta yi wa shirun kunya.

Da yammacin ranar Gwaggo Shatu ta same ta a ɗaki, tana murza goshin da takalmi ya sama. Amatu 'yar fari ce, don haka tun tana zanin goyo Malam Dabo bai taɓa kiran sunanta ba, balle ya zauna hira da ita. In zai yi zancenta sai ya ce "yarinyar nan". Innarta ma haka. Gwaggo ce ta raine ta, ita ce kuma waya tsakaninta da iyayenta.

Gwaggo ta ce mutanen Audi sun zo har sau biyu, ga mutum da garke, ga gidan siminti, me ta ce?

Haushin Zailani da na Audi suka haɗu suka shaƙe Amatu. Ta juya wa Gwaggo ƙeya, ta fuskanci bango, ta yi shiru.

Gwaggo ta fita da sauri har tana tuntuɓe. Ta gaya wa ƙaninta an tambayi yarinya, ta yi shiru. Malam Dabo ya yi hamdala, ya aika Mai'adua cewa dattawa su zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a tsayar da magana.

Shiru biyu a rana ɗaya: wanda take so ya karanta a'a, wanda ba ta so aka karanta masa i.

Da ta ji, ta ce wa Gwaggo ita fa ba ta son Audi. Gwaggo ta ce jan aji ne, ita ma haka ta faɗa a zamaninta, ga shi ta yi shekara talatin a gidan marigayi. In akwai wani, ina magabatansa? Ko wannan mai neman gafarar akuya? Amatu ta kawar da kai. 'Ya mace ba ta kiran sunan namijin da bai turo ba.

Shi kuwa Audi, mutum ne da ke kama bijimi ta ƙaho ya kayar, amma allura ko a hoto ba ya son gani. Maruru ya fito masa a inda ake zama, babur ya gagare shi, dole ya zo wurin Zailani yana tafiya kamar agwagwa. Zailani ya bar masa ƙofa a buɗe har sai da shi Audin ya roƙi a rufe saboda mutunci. Ya yi masa bayani dalla-dalla, ya bar shi ya zaɓi gefen da zai kwanta, aka gama lafiya. Audi ya tambayi wane sabon salo ne wannan, Zailani ya zazzage masa karatun bita kaf, har da alamomin mai firgici: sunkuyar da kai, kasa magana, rawar hannu ko ƙafa.

Dillali in ya ga kaya a araha ba ya barin su kwana a kasuwa. Dama Audi ya ji labarin Zailani na zuwa zance gidan Malam Dabo.

"Allah sarki, likita. Ashe shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"A'a, ba na son in shiga abin da ba ruwana... Yarinyar gidan Malam Dabo. An ce ko ƙarar babur ɗinka ta ji sai jikinta ya ɗauki rawa. Wai tun wata tsawa da ka daka a gabanta."

Zailani ya tuna kan da aka sunkuyar, da bakin da ya kasa magana, da yatsan da ke haƙa rami. Duk alamomin sun cika. Ashe shi ne baƙin tsumman!

Daga ranar ya daina bin layinsu, a wurin aiki ma ya koma kauce mata. In dole ta kama, sai ya kashe babur tun daga nesa ya tura shi da hannu, gumi na zuba. A wurin bita, da ba a rufe ba tukuna, ya koma bayan ginshiƙi don kada idonta ya faɗa kansa. Amatu ta dafa dambun zogale da hannunta ta aika masa, wanda ko makaho ya shinshina ya san saƙon. Ya cinye tas, ya aiko da godiya, da cewa kada ta ji kamar wajibi ne ta faranta masa.

Ta yi kuka, ta yi dariya, ta sake yin kuka.

Ana saura kwana kaɗan Juma'a ta tare Malama Hasana lokacin hutun salla ta kwashe komai ta gaya mata. Malama ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share ido. Ta ce ita ta koya musu yadda za a bar mai tsoro ya sami bakin magana, ba ta ce a bar mutum cikin shiru a tafi ba. Ɗalibinta ya haddace rabin karatu ya gudu da shi. Amatu ta ce to don Allah ta kira shi ta gaya masa.

"In na ɗauki bakinki na kai masa, me ya raba ni da Gwaggonki?"

"Malama, kunya..."

"Ke da kike ce wa mai naƙuda ta faɗi inda ke mata ciwo? 'Yata, naki ciwon fa, wa zai faɗa?"

Ranar Alhamis aka rufe bita. Aka gayyato dattawan unguwa da wakilin Hisba, aka sa Malam Dabo a gaba don shi zai yi addu'a. Cikin ɗalibai Zailani aka zaɓa ya yi jawabi. Ya fito daga bayan ginshiƙinsa ya rame, ya tsaya yana kallon ɓangaren maza kawai. Ya ba da labarin dattijon ƙarƙashin gado ba tare da kama suna ba. Ya ce abin da ya koya bai wuce guda ba: in mutum ya yi shiru a gabanka, kada ka cusa masa maganarka a baki ka ce tasa ce, don shiru kala-kala ne, akwai na yarda, akwai na tsoro, akwai na wanda ya ga ko ya faɗa ba za a ji ba.

A ɓangaren mata Amatu ta ciji leɓe. Ji mai wa'azi!

Malam Dabo kuwa carbinsa ya tsaya cak. Mutum ne da ya yi shekaru yana karantar da babin aure a zaure. Ya san shirun budurwa izininta ne, ya kuma san malamai sun ce a sanar da ita hakan tukuna, a kuma duba fuskarta, in ta nuna ƙi to ba izini. Shi wace fuska ya duba? Ta Shatu, tana maiƙon man shanu.

Addu'ar ranar gajeruwa ce, har mutane suka yi mamaki.

Bayan la'asar Amatu na ɗaki tana ninke kayan da ba su buƙatar ninki, sai ta ji gyaran murya a bakin ƙofa. Ta ɗauka kunnenta ne.

"Yarinyar nan... in shigo?"

Gwaggo da ke tankaɗe a tsakar gida ta saki rariya. Inna ta shige madafa ta ja ƙyaure.

Malam Dabo ya ɗage labule ya rataye shi a ƙusa, ya bar ƙofa a sarari. Ya dubi kujera, ya tuna abin da ya ji, ya sauka ƙasa gwiwoyinsa na ƙara. Ya tura mata kofin ruwa, wanda dama nata ne. Shi yana kallon rufi, ita tana kallon tabarma, kunya ta cika ɗakin har ba wurin sauro.

Ya gaya wa rufin cewa gobe baƙi za su zo daga Mai'adua. Bai ba su kalmar ƙarshe ba tukuna, amma in ya bayar ba zai janye ba. An ce masa an yi shiru. To shi yau ba zai karanta shiru ba, idonsa ya tsufa. Zai zauna nan har a yi magana, ko da zai rasa jam'in magariba, abin da bai taɓa yi ba.

Gwaggo ta leƙo ta ce wannan wane irin zamani ne, uba a ɗakin 'yar fari? Ya ce, "Yaya, a ba mu wuri," ba tare da ya sauke ido daga rufi ba.

Yatsan ƙafar Amatu ya fara neman ƙasa, ya tarar da tabarma. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Hawaye suka fara sauka.

Dattijon ya sauke idonsa a hankali, ya dube ta.

"Amatullahi."

Ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ashe haka yake da daɗi.

"Ba na son Audi, Baba."

"Na ji. Akwai wani?"

"...Zailani."

"Mai jawabin ɗazu? To me ya hana shi turowa?"

Cikin shessheƙa ta gaya masa yadda aka yi a zaure. Malam Dabo ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza, wai tari ne ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa ya ce zai aika Mai'adua a ba dattawa haƙuri tun kafin su ɗaura rawani. Amma shi wancan yaron, ba mai iya gaya masa sai ita, don ya lura ko liman ya shafa fatiha sai ya tsaya tambaya.

Da hantsin Juma'a aka kira Zailani. Ya iso yana tura babur, ya tsaya a wajen zaure, ya ce daga nan ma yana ji, kada kusancinsa ya tayar mata da hankali. Ya fara ba da haƙurin tsawar da ya yi a gabanta, wadda bai tuna ranarta ba, amma Audi ya gaya masa komai.

"Audi?"

"Shi. Ya ce ƙarar babur ɗina..."

"Malam Zailani, shigo ka zauna."

Ya shigo ya zauna.

Ta riƙe hijabinta da hannu biyu don kada ya kai kansa fuska. Ta kafa ƙafafunta a ƙasa. Kunya na jan wuyanta ƙasa, ita tana jan shi sama.

"Ƙarar babur ɗinka nake jira kullum tun daga la'asar. Jikina na rawa, gaskiya ne, amma ba irin rawar da aka koya maka ba ce. Dambun da ka cinye, sai da na tsince zogalen ganye-ganye. Ni na kai mata nawa ɗakin haihuwa ban ji tsoro ba, sai kai?" Ta ja numfashi. "Ina sonka. Ka turo. Yau. Ka ji da kunnenka, ko in kira mai shela?"

Zailani ya ɗago ya dube ta. Idonsa ya ciko.

"Amatu... hasken raina... ashe duk wannan ramin..."

"Tashi ka tafi, rana na yi!"

Ƙarar da babur ɗin ya yi ranar, sai da tantabarun unguwar suka tashi gaba ɗaya. Kawunsa Hamma na zaune gaban wanzami ana yi masa askin Juma'a, an gama gefe ɗaya, Zailani ya ɗauke shi da kumfa a ƙeya. Haka aka zo neman aure, dattijo ya danna hula har kunne, yana ba da haƙurin gaggawa, Malam Dabo na ba da haƙurin jinkiri. Audi da labari ya kai masa ya ce ciniki ne bai faɗa ba, kasuwa kuma ba ta ƙarewa, amma daga ranar ya koma yin jinya a wani garin.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Guɗar Gwaggo Shatu ta fi ta kowa tsawo, tana gaya wa mata cewa ita tun farko ta san inda zuciyar 'yarta take.

Da za a fita da amarya aka kawo ta gaban mahaifinta ta durƙusa, lulluɓe, tana kuka. Mata suka yi tsit ana jiran nasihar da aka saba, ta haƙuri da kawar da kai da riƙe harshe. Malam Dabo ya daɗe yana jan carbi.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "In abu ya dame ki, ki buɗe baki ki faɗa. In ya yi miki daɗi ma ki faɗa. Kin dai ga wanda kika zaɓa."

Daga ƙarƙashin mayafi, cikin kukan, aka ji amarya ta ce "To, Baba," da ƙarfin da har na zaure suka ji.